Kada Su Neme Ni Su Rasa

Litinin, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Yau Baban Afra'u ya yi doguwar magana har na ce masa ya isa haka. Ni Zalika, da na shekara da shekaru ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru ko na tsawon shan shayi ne, yau ga ni ina tsintar kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Muryar ta ƙara dushewa. Yakan fara da ƙarfi, kafin ya kai ƙarshen magana sai iska kawai.

Jibi za mu asibiti a Yamai. Sun ce mu zo da hoton wuyan da aka ɗauka a Doso, da kayan kwana. Ban tambayi kwana nawa ba.

Shi ba wannan ne a ransa ba, shafinsa ne. Tun Afra'u tana goye yake ɗaukar muryarsa yana bayanin cututtukan dabbobi da Hausa, ni kuma ina ɗorawa a intanet, kowace cuta da shafinta da hotonta. Shi likitan dabbobi, ni malamar ordinatar, wato kwamfuta, a lise, sakandaren garinmu. Ya ce da ma don haka ya aure ni, ya samu sakatariyar da ba ta zuwa yajin aiki. Shafin yana zaune ne a ƙarƙashin adireshin wani proje, shirin tallafa wa kiwo, proje kuwa ya ƙare, sun ce kafin ƙarshen wata kowa ya kwashe nasa. Na riga na samo mana adireshi namu na kanmu. Saura ƙaura.

Abin tsoron shi ne tsohon gidan Gugul ya sani. Duk makiyayin da ya danna makirofon wayarsa, ya faɗi sunan Likita, ya ce akuya ta kumbura, shafinmu ne ke fitowa a sama, daga nan Dutsi har Dogon Kiriya har ƙetaren iyaka. In muka tashi ba dabara, sai mu faɗa can ƙasa inda ba mai dubawa. Ga damina a bakin ƙofa. Da sabuwar ciyawa ta fito awaki za su yi ta ci suna kumbura, lokacin ne aka fi nemansa.

Ya riƙe mini bakin zane ya ce, "Zalika, kada ki bari su neme ni su rasa."

Na ce, "Kai dai sha kununka, sarkin surutu." Sai na fita na tsaya wajen turken akuya har idona ya bushe.

Talata, 9 ga Yuni, da azahar

Na kira Luƙman, wanda yake kula da injinan projen a Yamai. Mutumin kirki ne, sai dai sanyin magana, kafin ya gama jumla ɗaya na tankaɗe gari. Ya ce proje zai bar tsohon adireshin da rai har shekara guda, amma ba kowa a ciki. Zai sa abin da ake kira redireksiyon 301, wato alamar da ke gaya wa Gugul da duk mai shigowa cewa an tashi ke nan, ga sabon wuri, ta kuma kai shi can da kanta. Sai dai yana so in haɗa masa kowane tsohon shafi da sabonsa.

Shafukan sun kusa ɗari, tsofaffin adireshin kuwa lambobi ne zalla. Ga takardun jarrabawa jibge ban duba ba, ga kayan tafiya, ga Afra'u da zan kai gidan maƙwabta. Na ce masa ya tura su duka shafin farko, daga nan kowa ya nemi hanyarsa.

Ya ce, "Madam, ba a cika son haka ba fa."

Na ce, "Luƙman, ni ma akwai abubuwa da yawa da ba na so a makon nan." Ya ce to.

Sabon shafin kam ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na cire tsofaffin hotunan da ya ɗauka da wayarsa, masu duhu da karkata, na sa na wasu awaki farare tas, ƙosassu, irin waɗanda ko mafarkin ƙaya ba su taɓa yi ba. Har hoton Madam na cire. Madam ita ce jar akuyar gidan nan mai yagaggen kunne. Ya raɗa mata sunan da ɗalibai ke kirana da shi, wai ita ma ba ta jin magana. Ita ce a shafin kumburin ciki, ta miƙo baki kamar za ta ci wayar.

Ina so in ya farka ya ga abu mai kyau.

Laraba, 10 ga Yuni, a cikin kar, motar Yamai

Ya yi barci a kafaɗata tun kafin Doso. A gida ba ya yarda ya yi haka ko Afra'u ce kawai a wurin.

Juma'a, 12 ga Yuni, da hantsi

Sun shiga da shi ɗakin tiyata.

Juma'a, bayan la'asar

Ya fito. Alhamdu lillahi.

Akwai bandeji har ƙasan haɓa. Likitar ta yi mana bayani a tsaye, ƙanensa Rashid ne ya saurara. Ni takalminta nake kallo, kore ne, da ɗan tsage a gefen dama. Na ji ta ce "wataƙila" har sau biyu. Ban ji abin da ya zo kafinsa ba, kuma na hana Rashid ya maimaita mini.

Lahadi, 14 ga Yuni, da safe

Ya buɗe ido sosai yau. Na nuna masa sabon shafin a waya, ya duba, ya ɗaga gira, ya lumshe ido. Na ɗauka yabo ne.

Rashid zai zauna da shi. Ni dole in koma, ga jarrabawa ga yarinya. Da zan fita ya ɗaga hannu yana buɗe yatsu yana rufewa, irin alamar da nake yi masa in ya cika ni da surutu. Wai ni ce yanzu mai surutun. Allah ya shirye shi.

Talata, 16 ga Yuni, bayan magariba

Gidan nan ya yi girma. Afra'u ta tambaya ko Baba zai dawo da labarin kura, na ce zai dawo. Ban ce da labari ba.

Madam ta cinye mini rabin takardar wani ɗalibi. Na zage ta tas, ta tsaya tana kallona tana tauna. Daga baya na ga ina ba ta labarin yadda asibitin yake. Akuya fa.

Luƙman ya aiko saƙo, an rufe tsohon gida, alamar tana aiki. Na gwada, duk tsohon adireshin da na danna sai ya kai ni shafin farko. Na rubuta "kumburin akuya" a Gugul, muna nan a sama. Na yi hamdala.

Asabar, 20 ga Yuni, da hantsi

Mun fara saukowa a Gugul.

Na uku.

Litinin, 22 ga Yuni, da azahar

Ba ma cikin jerin farko gaba ɗaya. Sai da na gangara na danna "na gaba" kafin na gan mu, a ƙarƙashin wani bayani da Faransanci da wani mai tallar magani. Wane makiyayi ne zai gangara har can?

Na shiga wurin da Gugul ke nuna wa mai shafi abin da ya gani. Ja ko'ina. Wai tsofaffin shafukanmu ya ɗauke su kamar sun ɓace, tunda ya zo neman kumburi an kai shi bakin ƙofa, ya zo neman zawo an kai shi bakin ƙofa. Duk sanayyar da ya yi wa kowane shafi tsawon shekarun nan tana zubewa.

Na rufe ordinatar na tafi na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Laraba, 24 ga Yuni, da asuba

An yi ruwa. Na farko mai kirki. Kowa a unguwa murna yake, ni kuma ina jin ƙanshin ƙasa ina tuna awakin da za su kumbura.

Rashid ya ce an cire bututun da ake ba shi abinci da shi. Ya ce yana shan kunu da kansa. Ya ce wani abu kuma, na ce masa rezon waya ba kyau.

Asabar, 27 ga Yuni, bayan la'asar

Wayarsa tana hannuna tun tafiyarmu, yawanci ba na ɗauka. Yau wata lamba ta yi ta kira har na gaji na amsa.

Mace ce, ta ce sunanta Rakiya, daga wata ruga gabas da Dogon Kiriya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Ina Likita? Awakina sunka ci ɗanyar ciyawa, guda ta riga ta tahi, ga guda kwance ciki kamar ganga."

Na ce ba ya kusa, amma akwai bayaninsa a shafi.

Ta ce, "Mun danna, ɗiyata. Wurin da muka saba dannawa cikin Watsap. Sai wata hwarar akuya ta hito, ba tamu ba. Mu jar nan muka sani, mai yagaggen kunne, ita ad da kumburi. Baƙin rago shi ad da zawo. Wagga hwarar ba mu san mi take warkarwa ba, munka rufe."

Na tsaya riƙe da wayar. Shekaru ina ɗora shafukan nan, ina gyara rubutun kansu, ina faɗa da shi a kan waƙafi, ashe masu shiga ba rubutun suke bi ba. Madam suke nema.

Na ce ta riƙe, kada ta kashe. Na jawo ordinatar na nemo muryar kumburi a cikin ajiyata, na kara wayar a bakin lasifika. Sai ga shi ya cika ɗakin, da ƙarfinsa na da, yana cewa a tayar da ita tsaye, a ɗora ƙafafun gaba a kan tudu, a ɗura mata man gyaɗa a hankali ta gefen baki, a murza gefen hagu, a sa mata ɗan itace a baki ta yi ta tauna. In ba ta yi gyatsa ba a nemi likita mafi kusa, kada a tsaya jira.

Ina jin Rakiya tana amsa masa. "To, Likita. Awo, Likita. Hagu ko? To." Ban gaya mata ba. Na rufe bakina da gefen mayafi.

Can ta sake kira, akuyar ta yi gyatsa ta miƙe. Ta ce, "Ki gaishe shi. Na ji muryarshi ta washe, wancan karon da na kira mura ta kama shi sosai."

Na ce zai ji.

Lahadi, 28 ga Yuni, da safe

Saƙo daga wayar Rashid, amma na san hannun: "Wa ya kawo akuyar Turawa gidana?"

Ashe ɗaga girar nan ba yabo ba ne. Ashe yana kwance yana duba matsayinmu kullum. Na rubuta masa, "Ka ji da wuyanka." Na goge. Na rubuta, "Gobe za ta koma garinsu." Ya aiko da hoton fuska mai dariya har guda biyar. Mutumin nan ko a rubuce ba ya iya taƙaitawa.

Litinin, 29 ga Yuni, da azahar

Na kira Luƙman. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya ce ba a makara ba, amma kowane tsohon shafi sai an kai shi ga nasa kai tsaye, kamar yadda kowace akuya ke komawa turkenta da yamma. Haka hotuna, haka muryoyin kansu, domin mutane suna tura adireshin muryar kai tsaye a Watsap. Ya ce in mayar da tsofaffin hotuna da tsofaffin kanun shafuka yadda suke, ba a canza gida da fuska a lokaci ɗaya. In na gama in ba Gugul taswirar sabon shafin, in sanar da shi mun tashi, sannan in roƙi duk masu ambatonmu a shafukansu su gyara adireshi.

Na ce, "To sai mu koma sama?"

Ya ce, "Sai a jira, Madam. Wani lokaci mako biyu, wani lokaci fiye. Wataƙila."

Na ce masa kada ya ƙara gaya mini kalmar nan. Bai gane ba, amma ya ce to.

Laraba, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Muryoyin ba su da suna, lambobi ne kawai. Ba yadda zan san wace ce wace sai na saurara. Tun shekaranjiya nake zaune a tabarma da shi.

Ban taɓa sauraronsu daga farko har ƙarshe ba. Da ina ɗorawa ne kawai ina mita. Ashe a na ciwon kofato yana tsayawa ya yi wa Fulani tsiya, ya ce ya san ba za su gaya masa adadin shanunsu ba ko zai mutu, shi ma bai tambaya ba. A na mahaifar da ta ƙi fita ya yi shiru a tsakiya don kiran salla ya wuce. A na tsutsar ciki akwai Afra'u tana kuka daga nesa.

A na kaska kuwa, ni ce. Ana jin muryata daga ɗaki ina cewa, "Don Allah ka rage murya, yarinya na barci." Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kun ji Madam, mai ƙafa biyun. Mu yi a hankali kada a hana mu tuwo." Shekara huɗu makiyayan Arewa suna jin ana yi wa likitansu faɗa, bai taɓa gaya mini ba.

Na saurari wannan har aka ɗauke kuran ɗin lantarki, batir ya mutu.

Ina kewarsa. Na rubuta, ba wanda ya mutu.

Alhamis, 2 ga Yuli, da magariba

An gama. Kowane shafi ya koma turkensa. Madam ta koma kan kumburi da karkataccen hotonta, baƙin rago ya koma kan zawo. Na je gidan rediyon gari da ƙafata na roƙi su gyara adireshinmu a shafinsu, haka ƙungiyar makiyaya. Kowa sai ya tambayi jikin Likita. Na ce da sauƙi. Na faɗi "da sauƙi" yau har bakina ya yi tsami.

Juma'a, 3 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Akwai abin da ban rubuta ba. Ni da yatsa nake gwadawa, in rubuta "kumburin akuya". Makiyaya kuwa da baki suke nema, kuma da sunansa suke farawa. In ina so in ga abin da suke gani, sai an faɗi sunan a makirofo.

Ni kuwa ban taɓa faɗinsa ba. Innata a Tibiri har Baba ya rasu ba ta kama sunansa ba, ko akuya aka raɗa wa irin sunan sai ta sake mata wani. Na yi lakkol, na yi jami'a, ina sa tabarau, amma in na zo kan sunan nan harshena sai ya naɗe. A takardun ofis nakan rubuta in tura wa mutum ya karanta da kansa.

Shi kuwa ya mayar da abin wasa tun muna amare. Yakan ce, "Faɗi sau ɗaya kawai, Zalika, in yi miki shiru na yini guda cur." Nakan ce ko na shekara ne ba na so.

Ban san me ya sa na tuna da wannan ba yau.

Na shiga kasuwa na samu Malam Salman, abokin aikina mai koyar da lissafi, yana cinikin albasa. Na miƙa masa waya na ce ya faɗi sunan Likita ya ce akuya ta kumbura. Ya kalle ni ta saman tabarau. "Madam, ke da kike koya wa yara yadda ake magana da inji, sunan maigida ya gagare ki?"

Na ce, "Faɗi ko ka ba ni wayata."

Ya faɗa, har da gyaran murya. Na shida. Mun dawo jerin farko, amma sai an ja yatsa sama kafin a ga kunnen Madam.

Lahadi, 5 ga Yuli, da hantsi

Na biyar a bakin mai kabu-kabun da ya kai ni tasha. Na huɗu a bakin mai sayar da kati. Duk garin nan sai da na sa suka kira sunan mijina.

Ciyawa ta rufe bayan gari. Wayarsa ta yi ƙara sau da yawa jiya, na riƙa kara ta a lasifika.

Talata, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Ya dawo.

Ya rame, rigar da na ɗinka masa da salla tana yawo a jikinsa. Ya naɗa rawani a wuya duk zafin nan. Afra'u ta ruga ta rungume ƙafarsa ta ce, "Baba, labarin kura." Ya durƙusa ya yi mata kura da hannu da fuska, ya yi ɗingishi, ya buɗe baki ba sauti. Ta yi dariya har ta faɗi. Sannan ta ce, "To yanzu ka faɗa da baki." Rashid ya ɗauke ta ya ce su je sayen alewa.

Madam ta tsinke igiya ta zo ta cusa kai a cikin rigarsa. Ita ya fara shafawa kafin ya kalle ni. Na ce, "Na gani ai, mai ƙafa huɗun ce ta gida." Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Haka dariyarsa take yanzu.

Mun yi yarjejeniya. Cokali a jikin kofi, bugu ɗaya e, bugu biyu a'a. Kafin magariba ya ƙirƙiro bugu uku, wai ma'anarsa "ba ki da gaskiya". Shi ya fi amfani da shi.

Laraba, 8 ga Yuli, da azahar

Na uku. Bai tambaya ba, amma na ga yana dubawa a ɓoye, yana rubuta sunan kansa da yatsa.

An ba mu ranar komawa Yamai cikin wata mai zuwa. Takardar tana ƙarƙashin akwati.

Juma'a, 10 ga Yuli, da hantsi

Tun asuba ake ruwa, ba shiga ba fita. Rashid ya koma jiya. Afra'u tana gidan maƙwabta, ruwa ya tare ta can. Daga ni sai shi a ɗaki, sai Madam da ta fake a bakin ƙofa tana tauna gefen tabarma.

Na rubuta da yatsa, muna na biyu. Na gaya masa. Ya buga kofi sau uku. Na ce ga shi ka duba da idonka. Ya girgiza kai, ya karɓi wayar, ya danna makirofo ya kai bakinsa. Na ga leɓɓansa suna motsi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi a saman rawanin. Wayar ta jira, ta jira, sannan ta rubuta cewa ba ta ji komai ba.

Ya daɗe yana kallon rubutun. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a asibiti.

Na ce, "Bari ruwa ya tsaya in kira Malam Salman." Bugu biyu. Na ce, "To mai kabu-kabu." Bugu biyu. Sai ya turo mini wayar a kan tabarma har ta taɓa gwiwata. Ya ɗaga gira. Duk ramar nan, tsiyar tana nan a idonsa.

Na ce, "Ka san ba zan iya ba."

Bugu uku.

Na duba ƙofa, ba kowa sai akuya. Na ɗauki wayar. Na danna. Na ce, "Likita Ishaku, akuya ta kumbura."

Jar akuya mai yagaggen kunne, a sama, ba kowa a kanta.

Na danna hoton. "Salamu alaikum makiyaya, Ishaku ne, likitanku na Dutsi. Wanda akuyarsa ta kumbura ya matso kusa, wanda matarsa ta kumbura kuma ba aikina ba ne." Madam ta ɗago kai tana neman inda yake. Shi kuma ya rufe ido yana sauraron kansa, hawaye yana bin gefen hancinsa, kafaɗu suna rawa. Ban san wanne ne a ciki ba, ina jin duka biyun ne.

Da muryar ta ƙare na ce, "To ga shi. Duk wanda ya neme ka zai same ka. Na cika alkawari, sai ka bar ni in huta."

Ya nuna wayar, ya nuna kunnensa, ya kaɗa hannu, wai ba ta ji da kyau ba, in sake.

Na ce, "Maƙaryaci, ta ji sarai. Ga ka nan a sama."

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Sau ɗaya kawai.

Na ajiye wayar a gefe, na kife ta. Na ce, "Ishaku."

Ya buga kofi sau ɗaya.

Na ce, "Shirun yini guda ka yi mini alkawari, ba fiye ba. Gobe war haka ina jiranka."

Bai buga komai ba. Ya kama bakin zanena ya riƙe, muka zauna har ruwan ya tsaya.